Kowane Ciwon Ciki Olsa Ne? Kira Ga Mutanen Gusau, Tsafe Da Bunguɗu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna da malaman zaure na ƙasar Zamfara bisa ga wani al'amari wanda ya daɗe yana damuna, watau ciwon nan da ake kira gyambon ciki, wanda yanzu kowa ke ce masa olsa.

A wannan zamani, in ka bi hanya tun daga Tsafe ka ratsa Gusau har ka sauka Bunguɗu, da wuya ka shiga gidan da ba za a nuna maka mai olsa ba. Manomi ya ce yana da ita, malamin ofis ya ce yana da ita, matan aure da 'yan makaranta duk haka. Amma in ka tambayi mutum wa ya gaya masa, sau da yawa sai ya ce ai alamun ne ya ji, ko kuwa mai kantin magani ne ya faɗa masa. Ta haka sunan cuta guda ya zama rumfa, kowane ciwon ciki ya shiga ƙarƙashinta ya zauna. To, ni ba likita ba ne, aikina karantarwa, amma na yi shekaru ina tambayar ma'aikatan asibiti ina kuma karanta abin da masu bincike suka rubuta, na ga ya kamata in bayyana wa jama'a abin da na samu.

Da can likitocin duniya sun ɗauka yawan tsamin ciki da damuwa da yaji su ke kawo gyambon ciki, suka kuma tabbata cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin tumbi saboda kaifin tsaminsa. Ana nan sai wani likita mai duba tsokar majiyyata da madubin likita a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, sunansa Robin Warren, ya riƙa ganin waɗansu ƙwayoyi masu lanƙwasa a jikin bangon tumbi. Shi da wani saurayin likita, Barry Marshall, suka yi ta ƙoƙari har a shekarar 1982 suka iya renon ƙwayar a ɗakin gwaji. Manyan likitoci suka ƙi yarda da su. Da Marshall ya ga haka, a 1984 sai ya ɗauki ƙwayoyin da ya rena ya shanye, kafin mako biyu tumbinsa ya kumbura, ya yi ta amai, aka duba aka sami ƙwayar a ciki. A shekarar 2005 aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori.

Ga dabarar da take yi ta zauna cikin tsami. Kowace mace ta san in miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe shi. Hakanan ƙwayar nan take fitar da wani sinadari mai kashe tsamin da ke kewaye da ita, sa'an nan ta nutsa cikin yauƙin da Allah ya lulluɓe bangon tumbi da shi. Tana nan shekara da shekaru tana raunana bangon, har tsamin ya sami ƙofa ya ci naman, ya zama gyambo a tumbi ko a bakin ƙaramin hanji. Galibi tun mutum yana yaro yake ɗaukarta, ta hanyar yawu da amai da ruwan da najasa ta gurɓata, musamman inda aka cunkushe a ɗaki guda.

Kada mai karatu ya zaci abin na ƙasashen Turawa ne. Wani likita Bature, Holcombe, shi da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Maiduguri, sun buga bincikensu a 1992, inda suka sami alamar ƙwayar a jinin kamar mutum 85 cikin 100 na waɗanda suka gwada. A Asibitin Malam Aminu Kano kuma, binciken da aka yi a kan masu kukan ciwon ciki ya nuna kamar takwas cikin goma suna ɗauke da ita. Amma fa a lura, yawancin masu ɗauke da ita ba sa yin gyambo har su bar duniya. Kamar ɗaya cikin goma ne ko fiye kaɗan yake yi, waɗansu 'yan ƙalilan kuma ta kai su ga ciwon dajin tumbi. Saboda wannan ne a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji.

Sababi na biyu na gyambon ciki kuwa yana cikin aljihunmu, watau ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam. Manomi ya wuni yana huɗa a fadamar Bunguɗu, ko ɗan dako ya wuni yana sauke buhunan hatsi a kasuwar Tsafe, da yamma jiki ya yi tsami, sai ya saye haɗin ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle cikin leda ya watsa a baki, cikinsa babu komai. Waɗannan magunguna suna rage yauƙin nan mai tsare tumbi. Yaji da yunwa da damuwa suna iya tsananta zafin ga wanda ya riga ya kamu, amma ba su ne tushen gyambon ba. Madara kuma da ake ce wa mai olsa ya yi ta sha, takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya tsamin ya komo.

Akwai wani maƙwabcina, magidanci mai 'ya'ya bakwai, wanda ya yi shekara shida yana shan farin maganin ruwa da omeprazole. In ya sha ya sami sauƙi, in ya bari ciwo ya dawo. Ya bar cin yaji, ya bar kunun tsamiya, ya bar goro, har ya rame. Ran nan yana gona sai jiri ya kwashe shi, aka kawo shi gida yana bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu. Bayan ya farfaɗo aka gwada shi aka sami ƙwayar, aka ba shi magani na mako biyu, yau shekara uku ke nan yana cin tuwonsa da yajinsa. Da muka zauna muka yi lissafin abin da ya kashe a kantin magani cikin shekara shidan nan, ya ninka kuɗin gwajin da maganin sau da yawa, ban da taki da irin da ya sayar don biyan kuɗin jini.

To, yaya ake gane ta? Hanya huɗu ce. Ta fari gwajin jini, shi ne ya fi yawa a wurarenmu don ya fi araha, amma yana da babban aibi: yana nuna mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya rarrabe wadda ke nan da wadda ta mutu tun tuni. Ta biyu gwajin bayan gida, wanda ke nuna ƙwayar tana nan yanzu. Ta uku gwajin numfashi: a ba mutum wani ruwa ya sha, in ƙwayar na nan sai ta narka shi, alamar ta fito cikin numfashin da zai hura a 'yar jaka. Ta huɗu ita ce a zura siririn bututu mai laushi, mai fitila da kyamara a bakinsa, ta maƙogwaro har tumbi, likita ya ga gyambon da idonsa, ya tsinko 'yar tsoka a duba ko akwai daji. Ana yin wannan a manyan asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano. Sharaɗi guda: wanda za a yi wa gwajin bayan gida ko na numfashi, sai ya bar omeprazole mako biyu, ya bar magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, in ba haka ba ƙwayar takan ɓuya gwaji ya ce babu.

Maganar magani kuwa ita ce ta fi damun masu bincike a yanzu, domin ƙwayar ta fara gagara. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin ƙwayoyin da suka fara ƙin jin magani, saboda ta saba da wanda ake kira clarithromycin. A ƙasashenmu na Afirka kuma ta saba ƙwarai da Flagyl, don kowa cikinsa ya murɗa sai ya sayi biyu ya sha. Duk wanda ya sha magani kwana uku ya bari don ya ji sauƙi, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, su zai bar wa iyalinsa. Saboda haka taron masana na Turai a 2022, da ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a 2024, suka ba da shawara cewa inda ba a san irin maganin da ƙwayar ke ji ba, a haɗa magani huɗu, ɗaya daga ciki mai sinadarin bismuth, a sha kwana 14 cur, sa'an nan bayan mako huɗu a sake gwaji a tabbata ta mutu. Akwai kuma sabon maganin rage tsami, vonoprazan, wanda aka fara sayarwa a Japan a 2015, Amurka ta yarda da shi a 2022. A ƙasar Sin, cikin gundumar Linqu, an bi mutum fiye da 180,000 shekara goma sha ɗaya da ɗoriya, aka buga sakamakon a 2024, ya nuna kashe ƙwayar yana rage dajin tumbi. A nan gida ma Farfesa Stella Smith ta cibiyar binciken lafiya da ke Yaba a Ikko ta haɗa masanan Afirka don su fitar da ƙa'idar da ta dace da mu.

Amma ya 'yan'uwa, babban abin tsoro shi ne cututtukan da ke ɓuya bayan sunan olsa. Tsakuwar matsarmama, da ciwon hanta, da zazzaɓin taifot mai huda hanji, da tsutsar ciki, har da ciwon zuciya, duk suna iya zuwa da zafi a saman ciki. Mu mutanen Zamfara muna da wani ƙari wanda waɗansu ba su da shi, watau gubar dalma. Ba mu manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ya hallaka yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, a 2025 kuma aka sake jin labarin gubar a ƙasar Bunguɗu. Dalma tana kawo murɗar ciki mai tsanani da taurin bayan gida da ƙarancin jini. Mai haƙar zinariya ko mai niƙa dutse in cikinsa na ciwo, lalle ya gaya wa likita sana'arsa, don kwalba ɗari ta maganin olsa ba ta fitar da dalma daga jini.

Ga alamun da in an gan su ba a kwana a gida: aman jini, ko amai mai kama da dusar gahawa, baƙin bayan gida, rama ba dalili, abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, amai ba ƙaƙƙautawa, ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako. Na sani hanyoyinmu ba su da daɗin bi saboda rashin tsaro, kuɗi kuma ya yi wuya, amma wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, ko Asibitin Tarayya na Gusau, ko na Yariman Bakura, tun da sauran ƙarfi.

Daga ƙarshe ina da roƙo uku. Na fari ga hukuma: a sa gwajin bayan gida na wannan ƙwaya a kowane babban asibiti da kuɗin da talaka zai iya, a kuma ƙarfafa koyar da sabuwar ƙa'idar magani a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, tun da ɗalibanta su ne ke riƙe da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Na biyu ga malamanmu na addini, waɗanda ake yi wa tambaya kowace shekara kan azumin mai olsa: ku riƙa tura mai tambaya ya je a gwada shi tun watan Rajab ko Sha'aban, don mai gyambo mai zub da jini kada ya cuci kansa, wanda kuwa za a iya warkarwa cikin mako biyu ya warke ya yi azuminsa. Na uku ga 'yan'uwana malaman makaranta: mu koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan sun fito bayan gida, mu gaya wa iyaye mata su bar tauna abinci suna ba jarirai, a kuma tafasa ruwan rafi kafin a sha.

Ina fata likitocinmu masu karanta wannan jarida za su ƙara mana bayani a wannan fili. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta,
Gusau.