Duba kobon kafin ka buga masa ƙusa

Ya kai mai karatu, in akwai tsohon gwangwani a ɗakin mahaifinka, tsaya ka ji labarina.

Mahaifina ɗan Dogarawa ne, fataucin albasa yake yi, yana bi ta Birnin Ƙwanni zuwa Sakkwato. Da ya rasu, muka tarar da gwangwani cike da kobo mai huda da anini, irin na zamanin Ingilishi, masu tauraro mai tsini shida. Na ce ai kuɗin da ba ya sayen goro ba kuɗi ba ne. Da zan yi rufin kwano, sai na ba kafinta, ya riƙa zura ƙusa cikin hudar yana bugawa. Goma sha ɗaya kaɗai suka rage.

Daga baya wani malamin makaranta mai tara tsofaffin kuɗi ya gan su, ya riƙe baki. Ya ce kowane kwabo tsakanin hatimi biyu na ƙarfe ake buga shi, ɗaya gaba, ɗaya baya. Wani lokaci ma'aikata sukan haɗa hatiman da ba nasu ba. A 1936, a Birmingham ta Ingila, an buga kobon Afirka ta Yamma da fuskar kuɗin Afirka ta Gabas. Akwai kuma kobon 1956 mai sunan Sarki Joji na shida, alhali ya rasu tun 1952, 'yarsa Elizabeth ke sarauta. Masu tarawa suna neman irin waɗannan ruwa a jallo.

Akwai ma waɗanda ake bugawa musamman domin ajiya, ba domin kasuwa ba. Ana goge hatimin har ya yi sheƙi kamar madubi, a buga fiye da sau ɗaya, a duba su ɗaya bayan ɗaya. Kuskure a kansu ya fi wuyar samu, shi ya sa ya fi daraja.

To, ga abin da na koya. Ka riƙe kwabo ta gefe, cikin hasken rana. Karanta shekara, karanta sunan sarki, ka ga ko sun dace. Samo wani na shekarar ka jera su. Duba ko rubutu ya fita biyu, ko bugun ya karkace. Amma lotsewa da cin ƙasa ba kuskuren ma'aikata ba ne, wahalar duniya ce. Kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, darajarsa za ka kankare.

Na duba goma sha ɗayan nan, duk lafiyayyu ne. Sauran suna bisa rufina, ruwa da rana suna cin su, ban karanta ko ɗaya ba. Ba kuɗin ke damuna ba. Mahaifina ya adana su shekaru, ni kuwa ko kallo ban yi musu ba.

Kai fa, ɗan'uwa, ka buɗe naka gwangwanin?