Me Ya Sa 'Yan Gasa Ke Zuwa da Kati Iri Ɗaya?

A watan Nuwamba na 2019, ƙwararrun 'yan wasan Magic: The Gathering suka hallara a birnin Richmond na jihar Bajiniya a Amurka domin wata babbar gasa. Da aka ƙidaya abin da kowa ya zo da shi, sai aka tarar kusan mutum bakwai cikin kowane goma suna ɗauke da wani kati guda mai suna Oko, Thief of Crowns. Wasa ne da aka gina shi a kan 'yancin zaɓi, ga ɗaruruwan katuna a gaban kowa, amma mafi yawan gwanayensa suka taru a kan hanya ɗaya. Mai kallo daga waje zai ce ragwanci ne ko mutuwar basira. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilan da suka kai su ga haka sun fi wannan zargi nauyi.

Sai an fara sanin yadda wasan yake kafin a gane su. A kartar da aka saba bugawa a majalisa, kwali ɗaya ake rabawa, kowa ya karɓi abin da rabo ya ba shi. Wasan da masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙira, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, ya juya wannan tsari. Kowane ɗan wasa yana zuwa da nasa ƙunshin katin da ya harhaɗa tun daga gida. A tsarin gasar da aka fi sani, ƙunshin ba ya gaza kati 60, ba a sa kati iri ɗaya fiye da huɗu in ban da katunan ƙasa na asali, sannan akwai wasu 15 na ajiya da ake musanyawa tsakanin wasa da wasa. Ke nan rabin yaƙin yana ƙarewa kafin a zauna a tebur. Pokémon da Yu-Gi-Oh! ma a kan wannan tubali suke, da ɗan bambancin ƙa'ida.

Dalili na farko lissafi ne. Wanda ya sa kwafi huɗu na wani kati cikin 60, damar ya gan shi cikin katuna bakwai na farkon hannunsa ta kusa kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya sa kwafi ɗaya, damarsa ba ta kai kashi 12 ba. Saboda haka ƙunshi mai ƙarfi shi ne wanda yake yin abin da aka shirya masa a yawancin lokuta, ko da sa'a ta ɗan juya baya. Ƙunshin da ya dogara ga haɗuwar wasu katuna uku na ban mamaki yana iya burge jama'a ranar da suka haɗu, amma a sauran ranaku mai shi yana zaune ne yana jiran abin da bai zo ba.

Tsarin gasar yana ƙara wa wannan lissafi kaifi. Manyan gasanni suna bin tsarin Suwizalan, wanda aka aro daga wasan dara na Turawa: kowa yana buga dukkan zagaye, kuma ana haɗa shi da mai maki irin nasa. A gasannin Grand Prix na da, an saba buga zagaye 15 cikin kwana biyu, kowace karawa kuma wanda ya ci wasa biyu cikin uku shi ne ya yi nasara. A ɗauka mutum yana bukatar cin aƙalla 12 daga cikin 15 kafin ya shiga sahun gaba. Idan ƙunshinsa yana cin rabin karawarsa, damarsa ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba. Idan yana cin shida cikin goma, damar ta tashi zuwa kashi tara. Ratar da ba za a ma lura da ita ba a wasan yamma tsakanin abokai ta ninka damar mutum sau biyar. Wanda ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya ɗauki hutu daga wurin aiki, da wuya ya yar da wannan rata don kawai a ce shi ya ƙago nasa.

Dalili na biyu shi ne aikin gayya. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da wani shafin intanet mai suna The Dojo ya fara tattara rahotannin gasa, jerin katunan wanda ya ci ya daina zama sirri. Yau ana buga dubban wasanni kowace rana a Magic Online da Arena, kuma kowane wasa gwaji ne. Ƙunshin da ya hau sama ya ratsa hannun mutane masu yawa: wani ya cire kati, wani ya ƙara ƙasa guda, wani ya gano abin da ya kamata a musanya idan an haɗu da abokin gaba kaza. Mutum ɗaya a ɗakinsa, komai hazaƙarsa, ba zai iya wannan gwajin cikin mako biyu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ɗauki ƙunshin da aka riga aka tace yana yin abin da injiniya yake yi ne idan ya bi ma'aunin da aka tabbatar maimakon ya ƙirƙiri nasa a kan gadar da mutane za su hau.

Akwai kuma abin da masu zargi suka cika mantawa: kwafar jeri ba ta kawo iya wasa. Mutum biyu suna iya zama da katuna 75 iri ɗaya, ɗaya ya yi ta cin ɗaya. Sanin lokacin kai hari da lokacin haƙuri, karanta abin da abokin karawa yake ɓoyewa, da yanke shawarar riƙe hannun farko ko mayar da shi, duk ba a rubuce suke a jerin ba. Gwanaye da yawa sun fi son ƙunshi mafi ƙarfi ne saboda yana rage rawar da sa'a ke takawa, ya bar fagen ga ƙwarewa. Mark Rosewater, babban mai tsara katunan Magic, ya raba 'yan wasa gida uku a wani rubutu da ya yi a 2002: Timmy mai neman nishaɗin manyan abubuwa, Johnny mai son nuna basirarsa ta haɗa katuna, da Spike mai son tabbatar da iyawarsa ta hanyar nasara. Yawancin rigimar da ake yi a kan kwafar ƙunshi, Johnny ne yake auna Spike da mudun da ba nasa ba.

Kuɗi ma suna da baki a maganar. Katuna masu ƙarfi suna da tsada; a 2011 farashin kati ɗaya na Jace, the Mind Sculptor ya doshi dala 100, kuma huɗu ake bukata. Wanda ba zai iya sayen ƙunshi fiye da ɗaya ba, ya fi masa sauƙi ya zuba kuɗinsa a inda aka riga aka ga sakamako, ga shi kuma zai sami mai saye idan ya so sayarwa.

Sai dai duk wannan hujja tana da gefen da take ciwo. Masana tattalin arziki sun bayyana tun 1992 yadda mutane ke ajiye abin da suka sani su bi sawun na gabansu, har taro ya tafi a kan kuskure kowa yana zaton na gaba ya yi bincike. A wasan kati, ƙunshin da mutane da yawa suka ɗauka zai yawaita cikin waɗanda suka kai ƙarshe ko da ƙarfinsa matsakaici ne, yawaitar tasa kuma sai ta jawo wasu su ɗauka. Farin jini da ƙarfi ba abu ɗaya ba ne. Nan ne mai ƙago nasa yake samun ƙofa: idan ya san abin da rabin zauren zai zo da shi, yana iya shirya maganinsa, kuma abokan karawarsa ba su taɓa gwada fuskantarsa ba. Amma ribar tasa gajeriya ce. Ranar da ya ci, jerinsa ya shiga intanet, mako mai zuwa shi ne ake kwafa.

Idan wasan yana da lafiya, wannan juyi ba ya tsayawa. Mai saurin hari yana cin mai dogon shiri, mai tsaro yana cin mai saurin hari, wani kuma ya zo ya ci mai tsaron. Matsala tana tasowa ne idan ƙunshi ɗaya ya fi ƙarfin maganinsa. Haka ta faru a 2011 da ƙunshin da ake kira Caw-Blade, wanda Ben Stark ya ci gasar Pro Tour ta Faris da shi a watan Fabrairu. Kafin watan Yuni ya mamaye fage har mutane suka fara ƙaurace wa gasa, sai kamfanin ya haramta Jace da Stoneforge Mystic, karo na farko da ya yi irin haka a tsarin Standard tun 2005. Oko ma bai yi mako biyu ba bayan gasar Richmond aka haramta shi a wannan tsari. A 2017 kuwa kamfanin ya rage yawan jerin masu nasara da yake wallafawa daga Magic Online, domin kada a yi saurin gano ƙunshin da ya fi.

Waɗannan matakai sun nuna inda alhakin yake. Kamfanin bai roƙi 'yan wasa su ji kunya su daina kwafa ba, domin ya san roƙon ba zai yi aiki ba. Ya gyara abin da ke hannunsa, wato katunan da ƙa'idar. Ɗan gasa an gayyace shi ne ya ci, an sa lada a kan cin, don haka ba a yi masa adalci ba idan aka zarge shi da ɗaukar makami mafi kaifi da doka ta halatta. Idan aka shiga zaure aka ga kowa da kati iri ɗaya, tambayar da ta dace ba ta 'yan wasan ba ce. Ta wanda ya buga katin ce, ya kuma tsara gasar da ba ta ba da babban lada sai ga wanda ya ci mafi yawan karawarsa.