Ranar Da Na Daina Jin Kunyar Tambaya A Zauren Malamai



Na daɗe ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Agege, kuma ni kaɗai ne malamin wannan darasi a makarantar. Malaman lissafi su huɗu ne, idan abu ya shige wa ɗaya duhu sai ya leƙa teburin ɗan uwansa. Ni kuwa ba ni da wanda zan tambaya. Inda na yi daidai ba mai cewa madalla, inda na kauce ba mai gyara mini.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne karin sauti da tsawon wasali. Na san su a bakina, amma na kasa sa yara su ji su a kunnensu. Kowace shekara sai in rubuta ma'ana a allo, su kwafa, su haddace, in wuce gaba zuciyata ba ta kwanta ba.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, aka ɗaga jarrabawar WAEC har zuwa watan Agusta. Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe suna gida, ni ma ina gida. A lokacin ne wani abokin karatuna na kwalejin ilimi ya saka ni a wani zauren WhatsApp na malaman harsunan Nijeriya. Wata biyu ina ciki ban ce uffan ba, sai dai in kwashi abin da wasu suka turo. Girman kai ne ya hana ni magana. Ina ganin abin kunya ne Bahaushe haifaffe ya tambayi yadda ake koyar da Hausa.

Wani dare dai na daure na naɗi murya, na faɗi matsalata ba ɓoye-ɓoye. Wadda ta fara amsawa ma ba Bahaushiya ba ce, wata malamar Yarabanci ce daga Abekuta. Ta bayyana cewa su da do, re, mi suke koyar da sautukansu uku, yara su rera kalma kafin su rubuta ta. Ta ce in gwada do da mi kawai, tunda namu sama ne da ƙasa, sai faɗau da ke haɗa su. Wani malami daga Zariya ya ƙara da cewa in fara da kalmomin da yaro ya sani: kai na wanda ake magana da shi da kai na jiki, sannan gari na zama da garin tuwo don tsawon wasali. Da aka koma aji na gwada. Yaran da rabinsu ke jin Yarabanci kamar Hausa suka cafke nan take, har suna kawo nasu misalan.

Daga nan na gane cewa ni ma ina da abin bayarwa. Na tattara kurakuran da yaranmu haifaffun Legas ke yi, kamar sa "ya" a wurin "ta", da rubuta k a wurin ƙ ko d a wurin ɗ, na tura. Sai ga malamai daga Sabo ta Ibadan da Fatakwal suna cewa ciwonsu ke nan. Muka ware mu shida, kowa ya ɗauki batu ɗaya ya shirya darasinsa da tambayoyi, muna musaya. Aikin da nake yi ni kaɗai a zango guda, yanzu kashi ɗaya cikin shida nake yi, kuma ido biyar na duba shi kafin ya isa gaban yara.

Sai dai ba kowane zaure ne na alheri ba. An taɓa jefa ni a wani da ake tallar amsoshin jarrabawa da takardun ɗaukar aiki na bogi, ranar na fice. Zauren da ba shi da doka, ba a san shugabanninsa ba, ɓata data ne da ɓata suna. Mu a namu ba a saka hoton ɗalibi ko sakamakonsa, ba a kawo siyasa.

Ɗan uwa malami, ko na boko kake ko na Islamiyya, ba sai ka shiga zaure ashirin ba. Nemi ɗaya na masu darasinka, ka gabatar da kanka da sunanka na gaskiya da ajin da kake ɗauka. Ka yi tambaya takamaimai, ka koma ka faɗi yadda ta kaya bayan ka gwada, ka kuma tura naka ko da kana ganin bai kai ba. Mai tambaya ba ya ɓata. Ni shekarun da na yi shiru, ɗalibaina ne suka biya kuɗin shirun.

Allah ya sa wa aikinmu albarka, ya shirya mana zuri'a.