Mashi da Dodo a New Bell

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, akwai wani saurayi ɗan shekara 17 da ke koyon gyaran waya a wani shago a Akwa. A shago Faransanci yake yi, a titi kuma Turancin buroka. Hausarsa ta gida ba ta wuce gaisuwa da aike da tambayar abin da aka dafa ba. Bai taɓa ɗaukar haka a bakin rashi ba, sai daren da ya dawo da wani fim na zane a wayarsa.

Fim ɗin shi ne Primal na Genndy Tartakovsky, wanda tashar Adult Swim ta Amurka ta fara nunawa a watan Oktoban 2019. Labarin wani mutumin kogo ne mai suna Spear da wata ƙatuwar dabbar zamanin da mai suna Fang. Namun daji sun cinye iyalinsa, su ne kuma suka cinye 'ya'yanta, sai rashi ya haɗa su suka shiga duniya tare suna neman tsira. Ƙagagge ne, domin masana sun ce irin waɗannan dabbobi sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Abin da ya bambanta shi da sauran finafinai shi ne kusan babu magana a cikinsa.

Kakarsa, wadda yanar ido ta rage mata gani, tana kan tabarma tana jin gurnani na fita daga waya. Ta ce, "Kai maigidan banza, me ake yankawa a hannunka?" Ya ce, "Fim ne, Kaka, ba sa magana." Ta ce, "To kai ka yi mana."

Nan gizo ya yi saƙa. Ya ga makamin da ke hannun Spear, sunansa na Faransanci kawai ya zo masa. Ya kwatanta shi: sanda ce doguwa mai kaifin dutse a kai. Ta ce mashi ke nan. Ya ce mutumin ya harbi dabba da shi. Ta gyara masa: kibiya ake harbawa, mashi jifa ake yi da shi ko a soka, gatari kuma sara. Ya ce Fang tana kuka. Ta tambaye shi wane iri, domin gurnani daban, ruri daban, kururuwa kuma ta mai neman agaji ce. Da aka zo kan wuta, ta ba shi labarin ƙyastu da ƙanƙara da mahaifinta yake kunna wuta da su a hanyar fatauci. Fang kuwa ta raɗa mata suna Dodo, duk gardamar da ya yi ba ta sauya ba.

Dare goma suka yi a haka, kashi ɗaya kowane dare. Ya lura cewa duk inda kalma ta ɓace masa, kakar ba ta ganin komai. In ya ce "ya faɗi" kawai, sai ta yi shiru. In ya ce "ya faɗi tim", sai ta dafe ƙirji. An ce gani ya kori ji, amma ita da kunne take kallo, kuma iyakar Hausarsa ita ce iyakar ganinta. Mai koyon harshe zai iya gwada wannan: ya kashe sautin kowane fim, ya ba wani labarin abin da ke gudana. Nan take zai gane aikatau nawa da amsa-kama nawa ya mallaka da gaske.

A kashi na goma aka kawo wata baiwa da ta gudo, mai suna Mira, ita kaɗai ce mai magana. Kafin saurayin ya buɗe baki kakar ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ai Larabci take yi." Spear yana kallon bakin matar, yana son ya fahimta, abin ya gagara. Saurayin ya yi shiru, domin ya san wannan kallon. Shi yake yi wa kakarsa duk lokacin da ta zurfafa da karin magana, ya gyaɗa kai don kada ta gane an bar shi a baya.

A ƙarshe aka sake kama Mira aka tafi da ita a jirgin ruwa. Spear ya tsaya a bakin teku, ya furta kalmarsa ta farko, wato sunanta. Kakar ta ce, "To madalla, ya fara." Washegari da zai tafi Akwa, saurayin ya tsaya a bakin ƙofarta ya tambaye ta sunan mahaifinta, da garin da ya taso kafin ya iso bakin kogin Wuri.