Mako Guda da Jakar Kayan Kwalliya

Litinin

Hunturu ya sauka Kano da ƙarfinsa, kuma ni ban ƙi ba, domin lokacin man leɓe da man kaushi ke nan. Sabon littafin kaya na kamfani ya iso, na ɗauki hotunan shafukan da aka yi wa ragi na zuba a status na WhatsApp. Masu kallo ba a magana. Masu tambayar "nawa ne?" 'yan kaɗan ne, rabinsu kuma da sun ji kuɗi sai "to, zan yi miki magana". Bayan awa 24 hoton ya ɓace, maganar ma ta bi shi. A ganina status tuni kawai yake yi wa wadda ta riga ta san ni. Baƙuwa ba ta tura kuɗi don hoto.

Tsarin sana'ar ba shi da wuyar faɗa. Kamfani yana ba mu kaya a farashin 'yan gida, mu sayar a farashin da ke cikin littafi, abin da ke tsakani shi ne namu. Ba shago, ba albashi. Kuɗin ɗan sahu da na data duk daga cikin wannan ribar suke fita.

Talata

Na shiga cikin gari wurin Goggo. Tun ina yarinya take dillanci, atamfa, kwanuka, zannuwan gado, duk abin da matar da ba ta fita za ta so saya ko ta rabu da shi ba tare da kishiya ta ji ba. Yau ta yarda na bi ta gidajen da take shiga. Tun a soro ta ja min kunne: "Kada ki buɗe jakar nan sai an tambaye ki." Haka aka yi. Gaisuwa, ya yara, ya mai jiki, wa ta haihu, wa aka sa wa rana. Muna cikin hira Goggo ta ciro man hannu daga jakata ta shafa a nata hannun kamar ba komai, ƙamshi ya tashi, sai matar gidan da kanta ta ce, "Goggo, wannan fa?" Kafin mu fito an kira maƙwabta ta kan katanga.

A hanya na ba ta labarin da ake yawan ba mu a taron horo, na David McConnell, mai tallan littattafai gida-gida a Amurka, wanda ya lura matan gida sun fi son ɗan turaren da yake ba su kyauta a kan littattafan, ya koma sayar da turare a 1886, kamfanin da daga baya ya zama Avon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To mu kuma wa ya koya mana?" Ta karɓi la'adarta cif, ba ta rage min ko sisi ba.

Laraba

Gidan wata amarya, ta hanyar ƙawar ƙanwata. Ɗakin da duhu, na ce mu fito bakin ƙofa, don hoda ba a zaɓen ta a hasken ƙwan lantarki. Na ɗiga kala uku a gefen muƙamuƙinta, na murza da yatsa, muka jira su zauna. Ta tsakiyar ta ɓace cikin fatarta, ko alama babu. Ita ce tata. Uwar amarya ta leƙo ta nuna mai hasken. Na ce, "Hajiya, wannan a hoto fuska za ta yi fari, wuya ya tsaya baƙi." Ta yi shiru, sannan ta sassauta murya ta tambaya ko ina da mai wanda zai ɗan ɗaga yarinyar kafin biki.

Wannan tambayar kusan kullum sai na ji ta, kuma da ina sayar da man bilicin da tuni na huta da yawo. Amma na ga fuskokin da ya ƙona, na ga gaɓoɓin yatsu da suka yi baƙi ƙirin alhali sauran hannu ya yi ja. Haɗin da ake ɗurawa a roba ba suna ba lambar NAFDAC, ba wadda ta san yawan sinadarin hydroquinone ko mercury da ke ciki, kuma na biyun har ƙoda yake taɓawa. Na ce ta kira mai dilka da halawa, a fara da wuri. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ɗauki hodar, jan baki biyu da turare, ta biya rabi.

Alhamis

Ranar littafin bashi. Masu albashi sun ce sai an yi biya, wata ta ce sai ta kwashi adashi, wata kuma wayarta a kashe tun makon jiya alhali ina ganin status ɗinta. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai kamfani ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi. Idan kuma na ce ba na bayarwa, rabin masu sayen kayana sun tafi.

Da yamma uwar ɗakina ta kira, wadda ta shigar da ni harkar. Wata ya zo ƙarshe, makin rukuninmu bai cika ba, tana so kowa ta ƙara oda. Na san lissafin: duk abin da na ƙarƙashinta suka saya, tana da kaso. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, abin da aka ce min ana so kawai zan ɗauko." Na san masu kwali-kwali a ƙarƙashin gado, an saya don cika maki, ranar lalacewa tana matsowa. Ta ce ba ni da zuciyar nema. Muka yi sallama lafiya.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na kai saƙon wata mai saye da ke Zariya tashar Unguwa Uku. Na naɗe kwalaben a tsohuwar jarida, na ɗauki hoton lambar motar na tura wa mai kaya tare da lambar direba. Kafin magariba ta ce ya iso.

Asabar

Wunin bikin wata 'yar unguwarmu. Mun shirya da mai yi wa 'yan mata kwalliya: ta yi aiki da kayana, duk wadda ta tambaya ta nuno ni, ni kuma in bar mata jagira da hodar da aka fasa. Na zauna kusa da ita da jakata a rufe, yadda Goggo ta ce. Ba wadda ke zuwa biki da kuɗin hoda, don haka ban nemi ciniki ba, lambar waya na nema. Kowacce na rubuta sunanta da kalar da ta karɓe ta da unguwarsu. Wata malamar Islamiyya ta ce in zo ranar Talata bayan an tashi, matan ajinta suna neman man kaushi mara ƙamshi sosai. Sai na duba littafi da daddare in ga ko akwai irinsa, in babu in biya Sabon Gari gobe.