Jirgin Yaƙin Da Ya Zama Gidan Kifaye

Fiye da mil 20 daga gaɓar garin Fensakola, a Jihar Fulorida ta Amurka, akwai wani ƙaton jirgin yaƙi kwance a ƙarƙashin teku. Sunansa Oriskany, irin wanda jiragen sama ke tashi da sauka a bisansa. Ya yi yaƙin Koriya da na Biyetnam, cikin 1966 kuwa gobara ta tashi a cikinsa ta halaka mutum 44.

Ba abokan gaba suka nutsar da shi ba. Ran 17 ga watan Mayu, 2006, bayan an kwashe mai da yawancin abubuwa masu guba, rundunar sojan ruwan Amurka ta fasa shi da nakiya, cikin minti 37 ruwa ya haɗiye shi. Dalili kuwa shi ne ƙasan tekun wurin yashi ne zalla, babu duwatsun da halittu za su maƙale. Da ƙarfe ya samu, sai soson teku da ƙananan halittu masu ɓawo suka lulluɓe shi, ƙananan kifaye suka zo kiwo, manya suka biyo sawunsu.

Mai son ziyara sai ya shiga ƙaramin jirgi daga Fensakola, ya goya tukunyar iska, ya sa tabarau da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya bi igiya zuwa ƙasa. A zurfin kamar ƙafa 80 zai tarar da hasumiyar jirgin, kifaye na shige da fice ta tagogin da hafsoshi ke leƙen jirage a dā.

To, a nan hatsarin yake. In ruwa ya yi garau, filin saukar jiragen yakan bayyana a ƙasa kamar a miƙa hannu a taɓa, alhali yana zurfin ƙafa 145, iyakar da aka yanka wa masu nutso don nishaɗi kuwa ƙafa 130 ce. A can iskar naitirojin takan juya hankali kamar maye, tukunya ta ƙare da wuri. Wanda ya firgita ya taso a guje, iskar ta yi kumfa cikin jininsa, sai shanyewar jiki ko ajali. Saboda haka sai mai horo na musamman ake yarda ya sauka filin. Sauran su zagaya hasumiya, su hau sannu a hankali, su dakata kusa da sama kafin su fito. Kwaɗayi, in ji Hausawa, mabuɗin wahala ne.