Kifin da ba a ja-in-ja da shi

Shekara talatin na yi ina riƙe da alli a lakkol a Maraɗi, ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba sai da na je wa babban ɗana ziyara a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa. Wata Asabar ya kai mu bakin teku, tafiyar wajen awa uku da rabi, ni da jikana mai shekara 12 wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

Akwai wata doguwar gada ta katako da ta shiga cikin teku. A ƙarshenta ake fakon kifin da suke kira kin makaral, wanda ke matsowa gaɓa in ruwa ya yi ɗumi. Da ƙaramin kifi mai rai ake yi masa tarko, kuma da waya ake ɗaure ƙugiya, don haƙoransa na yanke zare kamar reza.

Bayan la'asar ya cafke. Zare ya dinga fita da ƙara, kifi ya nufi tsakiyar teku. Jikana ya yi ihu: «Kaka, bari! Bari!» Ni kuwa da ban saba ganin abu na tsere mini ina kallo ba, sai na murɗa birkin zaren. Nan take ya tsinke.

Ɗana ya ce: «Baba, wannan sai an sakar masa ya yi gudunsa ya gaji, sannan a jawo shi sannu sannu.»

Bai ƙara ko kalma ba, amma na tuna shekarar da na tilasta masa karatun da ba ya so, har muka yi wata takwas ba ma magana.

Na biyu jikana ne ya kama, ya wuce inci 24 da doka ta gindaya. Sai dai bai ci ba, don hukumar abinci ta Amurka ta gargaɗi yara da masu ciki su guje shi saboda yawan makuri a namansa. Ni na cinye rabonsa, yana ta yi mini tsiya.

Iyaye da malamai ƴan uwana, ban ce a saki sanda ba. Yaron nan bai taɓa sakin tasa ba. Zaren kawai ya bari ya tafi.